Tambaya: ruwan famfon Alƙahira, baƙo zai iya sha kai tsaye?

Sabon_Ɗalibi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah ina da 'yar tambaya amma kar a min dariya. Allah Ya yi na samu gurbin karatu a Azhar, biza ta fito, in sha Allahu bayan ƙaramar sallah zan tashi zuwa Alƙahira, kuma wannan ce fitata ta farko, ko Maraɗi ban taɓa tsallakawa ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne maganar ruwan sha. Kawuna da ya taɓa kai matarsa asibiti can ya ce min ko da wasa kar na kai ruwan famfonsu bakina, wai sati biyun da ya yi ruwan roba kawai ya sha, har wanke baki da shi yake yi. Shi kuma wani abokin yayana da ya yi karatu can cewa ya yi duk tsoro ne, shekara biyar famfo ya sha ko ciwon kai bai yi ba. Hajiyarmu kuwa tunda ta ji maganar kawu hankalinta ya tashi, jiya har cewa ta yi ko za a sa min ledar fiya wata guda biyu a jaka, na ce Hajiya kilo nawa aka ba ni gaba ɗaya hhh.

Ni gaskiya lissafin aljihu nake yi. Kawu sati biyu ya yi kuma da kuɗin jinya a hannunsa, ni shekaru zan yi da ɗan abin da gida za su dinga turowa, in ruwan roba zan dinga saya kullum ai kuɗin littafi ma ba zai ragu ba. Kuma wani abu da nake tunani, mu a unguwarmu rabon da famfo ya kawo ruwa har na manta, na 'yan garuwa muke sha, wata jarkar in ka leƙa har gansakuka za ka gani, kuma lafiyata ƙalau alhamdulillah. To cikin da ya jure wannan shi ne ruwan famfon babban birni kamar Alƙahira zai kayar? Waɗanda suka zauna can, ko ma wata ƙasar, dan Allah a ba ni haske.

Baffan_Ashir

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah Ya sanya albarka Ya sa a gama lafiya. Shekarata ta bakwai ke nan a garin nan, biyu a Bu'us, wato masaukin ɗaliban Azhar, biyar a unguwar Hayyul Ashir, to bari na faɗa maka abin da na gani da idona. Da kawunka da abokin yayanka babu maƙaryaci a cikinsu, kowa labarin gidan da ya zauna yake ba ka.

Ruwan Alƙahira daga kogin Nilu ake jawo shi, dama ƙasar gaba ɗaya fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwanta daga kogin nan ne, ana tacewa a zuba masa kulorin, kuma ba sa yi masa rowar kulorin ɗin. Ranar farko da ka buɗe famfo za ka ji wari kamar an zuba bilic a bokitin wanki, musamman da zafi. Wannan warin shi ke korar yawancin baƙi, alhali shi ne alamar an yi wa ruwan aiki. In ka tara a jug ka bar shi a buɗe ko ka sa a firji na wasu awanni warin yana raguwa sosai. Miliyoyin Misirawa shi suke sha, da shi ake dafa shayin da za a miƙo maka ko ina ka shiga.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin titi da kofinka. Gidajen nan dogaye ne, hawa shida hawa goma, ruwan gwamnati ba ya iya hawa sama da ƙarfinsa sai an sa inji ya tura shi, wasu gidajen kuma akwai tanki a saman bene, su suna ce masa khazzan, nan ruwan ke kwana kafin ya sauko muku. To wannan tankin shi ne komai. Akwai shekarar da mu huɗu muke shaƙƙa ɗaya, wato sashen gida ɗaya, a hawa na bakwai, sai muka lura kusan duk sati sai wani ya kwana yana zaryar bayi, yau wannan gobe wancan, muka ɗora wa mai kushari, abincinsu na shinkafa da taliya, na ƙasan layi laifi muka daina saya, abu bai tsaya ba. Rannan ruwa ya ɗauke, ni da wani ɗan Zariya muka lallaɓi bawwab, wato maigadin gidan, ya ba mu makullin sama. Ƙanina abin da muka gani har yau in na tuna sai na ji tashin zuciya. Murfin tankin ya goce rabi a buɗe, gefensa duk kashin tattabaru, da muka haska da fitilar waya ƙasan laka ce zalla mai kauri har da gashin tsuntsu yana yawo a sama. Muka tambayi bawwab yaushe rabon a wanke, ya ɗaga hannu sama ya ce Allahu a'alam. Karo-karo muka yi da maƙwabta aka kira masu wankewa aka sa murfi, daga nan zaryar ta tsaya cak. Mai kushari kuwa mun ɗauki alhakinsa a banza, sai da muka koma muka ci gaba da ciniki.

Saboda haka ranar da za ka kama gida, kafin ka tambayi kuɗin haya tambayi ruwan daga ina yake zuwa, kai tsaye ne daga layi ko ta tanki. In tsohon gini ne kuma da safe ka bar famfo ya ɗan zuba kafin ka tara, wani lokacin na farkon ja-ja yake fitowa saboda tsatsar bututu.

Abin da muke yi wa sabbin zuwa shi ne watan farko su sha na roba ko dafaffe. In na roba ne kar ka sayi ƙananan gorina, babba za ka ɗauka, akwai Baraka akwai Nestlé akwai Dasani, ka ce wa mai shago mayya ma'adaniyya zai gane. Bayan nan ku haɗa kuɗi da 'yan ɗakinku ku sa filta a ƙarƙashin famfon kicin, kusan duk gidan Bamisire mai ɗan hali za ka same ta, akwai mai mataki uku akwai biyar akwai bakwai. Sai dai ita ma amana ce, abin cikin nan da suke kira sham'a dole a dinga canza shi, na farkon fari tas ake sa shi, bayan wata biyu uku ka ciro ka gan shi kalar kunun kanwa. In aka bar shi shekara ba canji to gara ma famfon.

Sannan ka kiyayi abu biyu da ba famfo ba. Na ɗaya ruwan rake, asir ƙasab, wallahi daɗi kamar me kuma da arha, kowa sai ya faɗa, amma ka duba shagon da yadda suke ɗauraye kofi, wani a bokiti ɗaya ake tsoma kofin kowa tun safe. Na biyu kulolin ruwan sadaka da ake ajiyewa a bakin titi da ƙofar masallatai da kofi ɗaya ɗaure da sarƙa, niyyar masu shi kyakkyawa ce amma kai sabon zuwa ka riƙe gorarka. Kuma in an fita rihla, wato yawon buɗe ido, zuwa ƙauye kar zafi ya sa ka faɗa magudanar ruwan gona ka ce za ka yi iyo, akwai haɗarin tsargiya, a nan Alƙahira ma wani likita Bajamushe Bilharz ya gano tsutsar a 1851, ita kuma ta fata take shiga ba sai ka sha ba.

Misirawa dai suna cewa duk wanda ya sha ruwan Nilu sai ya dawo. Ni ban ma samu tafiya ba balle na dawo.

Ɗan_Garuwa

Hhhhh kai jama'a. Mutumin da ya sha ruwan rijiyar makarantar kwana, ya sha na kududdufi a gona, ya sha zoɓon tasha da ƙanƙarar da ba a san asalinta ba, shi ne ake tsorata shi da ruwan famfo?? Malam cikin Bahaushe tukunyar ƙarfe ce. Wannan gargaɗin na Turawa ne masu cikin auduga, su ne in sun zo ƙuda ya sauka a kofi sai asibiti. Je ka ka sha abinka ka yi bismilla, ka bar kuɗinka ka ci kaza.

Maman_Ilham

Ɗan_Garuwa Allah Ya shirye ka, kar ka kai yaron mutane ka baro. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara goma sha ɗaya ina Landan, kuma wannan magana ta tukunyar ƙarfe na ji ta a bakin mutanenmu ba adadi, wasunsu a kan gadon asibiti suke faɗa min.

Maganarka akwai ƙamshin gaskiya a ciki shi ya sa take da haɗari. Eh jiki yana sabawa, amma da me? Da ƙwayoyin cutar da ya taɓa haɗuwa da su. Gudawar matafiya yawanci wata irin bakteriya ce dangin E. coli ke kawo ta, kuma iri-iri ce, wadda ta yi yawa a Kano ba lallai ita ce ta Alƙahira ko Delhi ba. Cikinka ya san 'yan unguwarsu, bai san baƙi ba. Kuma sabon nan ba kyauta muka same shi ba, mun biya da gudawar da muka sha muna yara wadda ba ma tunawa, iyayenmu mata su suka san daren da suka kwana a zaune, wasu yaran kuma ba su tsallake ba. Sannan yana gogewa. Ni da aka haifa a Tudun Wada na girma da ruwan rijiya, yanzu in na je gida hutu na yi gangancin shan abin da na ga dama kwana uku nake yi a kwance, ƙannena suna min tsiya wai na zama Baturiya. Taifod kuwa babu ruwanta da saboka, mutum nawa ka sani da suka yi ta fiye da sau ɗaya?

Ɗana mai tambaya, abin da Baffan_Ashir ya faɗa maka ka riƙe. Ƙarin da zan yi, sau da yawa ruwa ake zagi alhali abinci ne mai laifin, salak da aka wanke sama-sama, ƙanƙara a lemo, shinkafar da ta wuni a buɗe, hannun da ba a wanke da sabulu ba. Mutum zai yi ta kashe kuɗi a ruwan roba sannan ya sa a zuba masa ƙanƙara a kofi, to ƙanƙarar da me aka yi ta? Sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta, ajiye ta kawai yake yi.

Tafasawa ita ce mafi arha kuma mafi tabbas a kan ƙwayoyin cuta. Ba wai ya yi zafi ba, ya tafasa yana ɓulɓula minti ɗaya cikakke, a bar shi ya huce a rufe, kar kuma a dinga tsoma kofi a ciki, a tsiyaya. Akwai ma abin da kulorin ba ya iya masa sosai amma tafasawa na kashewa, wata ƙwaya ce kiriftosforidiyom, ita ce a 1993 ta shiga ruwan birnin Milwaukee a Amurka ta kwantar da mutum wajen 400,000. Mu ma nan Ingila a watan Mayun 2024 ta ɓulla a Brixham can yankin Devon, sai da aka ce wa dubban gidaje su dinga tafasa ruwa na makonni. To kun ga ba wai ƙasar Turawa ba a samun matsala ba ne, bambancin in ta faru ana sanarwa, a rediyo a waya har takarda a ƙofar gida.

Amma fa tafasawa ba ta cire dalma ko wani sinadari, ruwan ne ma zai ragu sinadarin ya zauna. Abin da ya faru a Flint ke nan a jihar Michigan daga 2014, aka sauya musu inda ake ɗebo ruwa, sabon ruwan ya dinga cin tsofaffin bututu dalma tana narkewa a ciki, yara suka sha. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, duk da can ta hanyar haƙar zinare ce, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Wani abin dariya kuma, akasin tambayarka nake fama da shi a nan. Mutanenmu sabbin zuwa za ka gan su suna ciccibo katan-katan na ruwan roba daga kanti suna hawa bas da shi, alhali na famfon kicin ɗinsu ana gwada shi fiye da yadda suke zato. Abin da ke tsorata su farin abin nan da ke taruwa a cikin butar shayi kamar alli, wata har hoto ta turo min wai Anti guba ce. Ba guba ba ce, ruwan Landan ta cikin duwatsun alli yake fitowa shi ya sa, sabulu ma ba ya kumfa sosai. Abin da kawai nake ce musu a tsofaffin gidaje a sha na famfon sanyi na kicin, ban da na zafi, ban da na banɗakin sama don wani daga tankin cikin rufi yake zuwa. Kun ga ko a nan ɗin ma maganar tanki ce dai.

In kuma ta kama ka duk da haka, kar ka ruga ka haɗiyi filajil da kafso ja da yalo kamar yadda muka saba. Yawanci kwana uku zuwa biyar take yi ta tafi da kanta, abin da ke kayar da mutum ƙarewar ruwan jiki ne. Ka sa ƙullin ORS, garin gishiri da sukarin nan na masu gudawa, a jakarka tun daga gida, ba shi da nauyi. In babu, lita ɗaya ta dafaffen ruwa, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Amma da ka ga jini, ko zazzaɓi mai zafi, ko amai ya hana komai zama, ko fitsari ya ɗauke, to ba zancen jira, asibiti.

Sabon_Ɗalibi

Kai ma sha Allah, Baffa da Anti na gode ƙwarai Allah Ya saka da alheri. Wallahi ban taɓa kawo maganar tanki a raina ba. To amma alwala fa da wanke baki? Don in kurkurar baki ma sai da na roba kamar yadda kawu ya yi to abin ya yi yawa, sau biyar a rana fa. Da dafa abinci kuma.

Baffan_Ashir

Haba dai, yi alwalarka da famfo, kowa da shi yake yi har a masallacin Azhar ɗin, kurkurawa za ka yi ka zubar ai ba sha ba. Burushi ma haka, ni ban taɓa ganin ɗalibin da ya kwanta saboda ya wanke baki ba. Kawu baƙon sati biyu ne kuma mara lafiya yake jinya, shi dole ya yi kaffa-kaffa, kwana uku in suka tafi masa a banɗaki wa zai kula da matar. Girki da shayi kuwa ai wuta ta gama magana. Abin da Anti ta ce na ORS a nan mahlul gafaf ake ce masa, kowace saidaliyya, wato kantin magani, akwai. Za su miƙo maka wani magani Antinal tun kafin ka gama bayani, nan shi ne kamar fanadol ɗinsu na ciki, amma in alamomin da ta lissafa ne kar ka tsaya a kansa.

Abban_Sadiq

Ni ban san Masar ba amma bari na ba Ɗan_Garuwa labarina ko zai rage cika baki. Na raka mahaifinmu Indiya aikin ƙoda, Delhi, wata ɗaya da kwana tara muka yi. Tun a jirgi wani Alhaji da ya saba zuwa ya ja kunnena ya ce yaro a ƙasar nan ruwan famfo na wanka ne, in za ka sayi na gora ka murɗa murfin da kanka ka ji ya yi ƙas, in ka gama ka murƙushe gorar don akwai masu tsinta su sake cikawa. Su kansu Indiyawan masu hali ba sa sha kai tsaye, kowane gida da ofis akwai injin tacewa a bango suna ce masa RO, ko babbar jarkar nan mai lita 20. Sati biyu ina bin doka, ruwan gora na Bisleri kawai, lafiya lau.

Sai rannan na fita sayo wa Baba 'ya'yan itace, na ga layi a wajen wani mai tura, wasu 'yan ƙananan ƙwallaye ne kamar cincin mai rami a ciki, yana huda su da babban yatsa ya tsoma a wani koren ruwa mai tsami da yaji ya miƙo maka, pani puri. Na ga yara 'yan makaranta da mata masu kwalliya suna ta ci, na ce yo ni da na ci awara da gurasar bakin kasuwa me zai same ni. Shida na ci. Daɗi kam akwai, ba zan yi ƙarya ba. Ƙarfe biyun dare aka fara, kafin asuba na yi zuwa ya fi goma, da safe ƙafata ba ta ɗaukata. Ƙarshenta a asibitin da aka kwantar da Baba aka ɗaura min ruwa leda uku, ɗan jinya ya zama majinyaci, tsohon da aka yanka kwana biyar da suka wuce shi ke aiko nas ta dubo masa ni. Har yau in an taru a gida sai ya ba da labarin nan yana dariya har da hawaye. Daga baya na ji ashe har suna gare ta a wajen baƙi, cikin Delhi suke ce mata.

A Makka kuwa da muka je umara ban ma yi tunanin famfo ba, zamzam ga shi nan a harami ko ina, muna cika gora mu tafi da shi masauki. Na famfon otal ruwan Bahar Maliya ne da aka cire wa gishiri ake turowa daga Shu'aiba, wanka da alwala muke da shi.

Na_Maraɗi

Salamu alaikum, ku ba mu wuri mu ma mutanen Nijar mu sa baki. Ni Faransa na yi karatu, Lyon, shekara huɗu. Can in ka shiga gidan abinci ka ce a ba ka carafe d'eau, ruwan pampo ne za a kawo maka a tulun gilashi kuma kyauta, in ba ka sani ba ka ce ruwa kawai sai a buɗe maka na kwalba a sa a lissafi. Sati na farko haka sunka yi ta cin kuɗina. Wani abokina kuma da munka je Jamus ya sayi ruwa a kanti ya kafa kai, ashe mai gas ne, ya fesar ya ce ruwan ya lalace. Inda ba a sha suna rubutawa, eau non potable, a Jamus kuma kein Trinkwasser, kamar cikin banɗakin jirgin ƙasa. In babu rubutu a gari to sha abinka.

Amma abin da ya sa na yi magana, yaron nan ya ce ruwan da yake sha bai taɓa yi mishi komai ba, wasu kuma da ido suke auna ruwa, in ya yi garau shi ke nan. Ku tambayi mutanen Tibiri nan kusa da mu. Rijiyar burtsatse anka haƙa musu wajen 1985, ruwa fari tas babu wari babu ɗanɗano, kowa na murna an rabu da na rijiya. Ashe sinadarin fuloraid ya yi mishi yawa daga cikin ƙasa. Babu wanda ya yi zawo, babu wanda ya yi amai, anka yi ta sha kusan shekara goma sha biyar, sai yara sunka taso haƙora sun yi ja, ƙafafu sun lanƙwashe, wasu ba su iya tafiya daidai. Ni na ga waɗannan yaran da idona, yanzu manya ne. Wannan ko ka tafasa shi sau goma yana nan, kuma ba ya tambayar ɗan gari ne kai ko baƙo, sai dai ma baƙon da zai yi sati ya wuce shi ne ya tsira.

To shawarata ga mai zama na shekaru, ka ga abin da 'yan gari masu ilimi suke yi a gidajensu, ba abin da suke faɗa ba. In ka je gidan malaminku ko wani lokotoro ka ga da filta a kicin, to ka san dalili.

Ɗan_Garuwa

To to to an taru a kaina, Hajiya na tuba hhh. Abban_Sadiq wallahi ka ba ni dariya har na ƙware, Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Tunda yau ranar tonon asiri ce, ni ma lokacin bautar ƙasa da aka tura ni kudu satin farko a sansani ban san inda kaina yake ba, amma na ce wa mutane maleriya ce. Duk da haka ina nan kan bakana a abu ɗaya, yaro kar ya je ya ƙarar da kuɗin abincinsa a ruwan roba shekara huɗu.

Maman_Ilham

A wannan kam ba mu da faɗa. Butar lantarki ɗaya ta ishe shi.

Sabon_Ɗalibi

Na karanta wa Hajiya duka tun daga sama, da aka zo wajen tattabaru sai da ta ce a'uzubillahi ta ajiye kofin hannunta. Maganar fiya wata dai ta janye alhamdulillah, amma yanzu ta ce lallai sai na tafi da butarta ta lantarki, har ta sa an wanke an naɗe a zani. Baffa soket ɗinsu irin namu ne kuwa?

Baffan_Ashir

Ba irin namu ba ne, nasu mai ƙafa biyu ne zagayayyu, namu mai uku ba ya shiga sai da adafta. Ka ba Hajiya haƙuri ta bar butarta, a nan ko wane shagon kayan wuta akwai, ranar da ka sauka zan raka ka mu saya. Wajen da butar za ta ci a jakar ta cika mana shi da kuka da daddawa da yaji, kuɓewa busasshiya ma in da hali, mu bakwai ne a nan muke jira.